Goggon Waya da Tumbin da Ba Ya Cikin Zane

Goggon Waya ba ta amsa tambaya, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka zaunar kusa da ita, ranar farko take gaya mata: ki buɗe ido ki bi hannuna, bakina ba makaranta ba ne. Wadda ta yi karambanin cewa don me ake yin kaza, sai Goggo ta dube ta ta saman tabarau, ta tambaye ta ko a gidansu ma sai an yi mata bayani kafin ta sha ruwa. Shekara ashirin da shida ta yi a haka a masana'antar da ake haɗa firijin ajiye magani. Ba ta nemi kowa ya kira ta mai haƙuri ba, ba kuma wanda ya kira ta.

Maigidanta, tsohon direban motar kaya, ya ce shi tun shekarar farko ta aurensu ya daina tambayar ta komai. Idan yana son jin magana, sai ya faɗi abu a karkace da gangan, don ya san ba ta iya barin kuskure ya wuce ta gabanta ba ta gyara ba.

Sanadiyyarsa ta shiga aikin. Mota ta faɗi da shi, ya yi wata takwas a ɗaki da ƙafa a ɗaure, ga 'ya'ya uku, ga keken ɗinkinta da ba ya ciyar da mutum biyar. Ta ɗauki takardarta ta sakandare ta tafi ƙofar masana'anta. Aka ba ta tsintsiya, tana share guntayen waya a ƙarƙashin tebura. Kafin shekara ta zagayo an ba ta kujera, saboda mai ɗinki ba a koya mata awo. Teburin dogo ne, a ƙarƙashin tagogi, wayoyi ja da baƙi da rawaya suna rataye a sama kamar zare a shagon tela. Wurinta shi ne na ƙarshe, jikin bango, inda ba mai tsaya mata a baya. A wannan kujera ta yi wa 'ya'yan uku makaranta har suka kama gabansu. 'Yar farin ta sha cewa ta huta haka nan, ita kuma ta ce in ta zauna a gida yini guda da ubansu, ɗayansu ba zai kai baɗi ba.

Firijin da suke haɗawa ba irin na gida ba ne da ake sa ruwa da nama. Ƙananan asibitoci ake kai wa, masu nisa, su ajiye allurar rigakafin yara da magungunan da ba sa son zafi. Idan ya tsaya, maganin ba ya wari, ba ya canza launi. Yana nan a kwalbarsa kamar lafiyayye, alhali ya mutu, a yi wa yaro allura a zaci an yi masa wani abu.

A shekararta ta huɗu aka dawo da firiji uku matattu. A bayan kowane firiji, can ƙasa, akwai ɗan akwatin lantarki, shi ke tayar da inji shi ke kashe shi. Waya ɗaya rawaya ce ke fitowa daga cikin sanyi ta sauko ta shiga akwatin, ita ke gaya masa ko sanyin ya isa. Goggo ta kwance akwatunan uku, ta ga tsatsa ta fara ne daga ramin da rawayar wayar ke shiga. Ba ta yi karatun lantarki ba, amma ta yi shanya. Ta san ruwa yana bin igiya har inda ta fi sauka, a nan yake ɗiga. Wayar tana fitowa daga sanyi tana gumi, an kuma ja ta a miƙe, to ina gumin zai tafi in ba cikin akwati ba?

Ta hau ofis ta gaya wa injiniyan wancan lokacin. Bai ɗago kai daga takardunsa ba. Ya ce waɗanda suka yi zanen da aka ba ta sun yi shekara biyar a jami'a, kuma zane ya ce santimita arba'in, ta je ta yanka arba'in. Aka ɗora laifin a kan masu kawo akwatin, aka sallame su, aka nemo wasu.

Goggo ta sauko ta yanka arba'in da bakwai. Ƙarin ɗan yatsa guda. Da shi take lanƙwasa wayar ta sauka ƙasa da ramin kaɗan sannan ta hau ta shiga, yadda gumin zai taru a lanƙwasar ya ɗiga ƙasa. A ranta tumbi take kiran abin, don ya yi mata kama da wanda maigidan ya ajiye tun zaman jinya. Daga nan firiji bai sake dawowa da wannan ciwon ba. Kowa ya yaba wa sababbin masu kawo akwati, ita kuma ta ja bakinta. A ƙofar shiga akwai allo da aka rubuta cewa duk wanda ya saɓa wa zane ba da izini ba, kora ce. Don haka kullum ita ke riga kowa zuwa, ta yanka rawayar wayar da za a yi aiki da ita a yinin, ta zuba a kwando. Sauran matan teburin su ɗauka daga kwando su kwaikwayi hannunta. Shekara ashirin da biyu, ba wadda ta ɗora tef ɗin awo a kan wayar nan.

Sai aka kawo sabuwar injiniya, 'yar siririya mai saurin tafiya, wadda 'yar farin Goggo ta girme ta. Ita ta zo da abin da ma'aikata suka sa wa suna taswira. Da can zane yana wata durowa, jerin kayan da ake saye yana wata, takardun gwaji suna ofishin wani, yadda ake gyara kuma yana cikin kan wani da ya yi ritaya. Injiniya ta ce za a gina firijin gaba ɗaya, sau ɗaya, a cikin kwamfuta. Kowane noti da kowace waya za a ɗaure su da dalilin sa su, da wanda ke kawo su, da firijin da suka shiga, da asibitin da aka kai shi, har ranar da zai tsufa a kwance shi. In an taɓa abu ɗaya, duk abin da ya rataya da shi zai nuna kansa. Kuma daga ranar da aka gama, abin da taswira ta ce shi za a saya, shi za a haɗa.

Wata uku ta yi tana bin tebura da kwamfutarta a hannu tana tambayar mutane. Da ta iso ƙarshen teburin waya ta gaishe da Goggo har da rusunawa.

"Goggo, akwai abin da kike yi wanda ba ya cikin zane?"

"Zanen yana hannunki ne ko yana hannuna?"

Injiniya ta yi 'yar dariya, ta rubuta cewa aikin waya yana bin zane, ta wuce teburin gaba. Goggo ta ci gaba da aikinta tana jin ta yi nasara.

Bayan wata biyu aka yi wa Goggo aiki a gwiwa. Kafin ta tafi ta yanka waya ta cika kwando uku, ta ja kunnen matan teburin kada wadda ta taɓa almakashi. Mako bakwai ta yi a gida, tana zaune a kujerar falo da ƙafa a kan matashi, tana gyara wa maigidan yadda ake wanke kofi. Ranar da likita ya ce za ta iya komawa, maigidan ya fi ta murna.

Ta koma ranar Litinin. Kwandunanta ba sa nan. A wurinsu kwalaye ne a jere, cike da wayoyin da aka yanko daga waje, an ɗaure su goma-goma, kowane ɗauri da 'yar takarda. Matar da ke zama a damanta, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta tare ta da albishir: an hutar da ita yanka, yanzu taswira ke aika awo, inji ya yanko. Goggo ta zari rawaya ɗaya ta ɗora a hannunta daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ba ta buƙatar tef. Arba'in ce cif.

Ta tambaya tun yaushe. Rediyo ta ce mako biyar. Ta tambaya ina lanƙwasar da ake yi a ƙasan akwati. Rediyo ta ce ai wayar ba ta kaiwa, sai suke jan ta a miƙe, kuma ya fi sauri ma.

"Ni na zaci ado ne, Goggo. Irin salonku na masu ɗinki."

Goggo ta buɗe baki za ta wanke ta, sai ta tuna. Rediyo ta taɓa tambayar ta dalilin lanƙwasar nan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma Goggo ba ta manta amsar da ta ba ta ba. Firiji nawa aka haɗa a mako biyar ɗin? Ba wadda ta sani a teburin. Su dai suna gamawa a tura ta ƙofar baya.

Ranar ba ta gaya wa kowa a masana'anta ba. Ta haɗa huɗu da miƙaƙƙiyar waya, a na biyar hannunta ya ƙi, ta ce gwiwa ce, ta fita ta zauna a benci. Ta san yadda abin zai tafi. Ruwan ba ya kashe akwati yau ko gobe, sai ya yi watanni yana ɗiga. Ita kuma saura mata wata goma ta yi ritaya. In ta yi shiru, firiji za su riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya a wurare masu nisa, da magani a cikinsu, a sake kama masu kawo akwati, ba mahaluƙin da zai waiwayi ƙarshen teburin waya. In ta yi magana, sai ta faɗa da bakinta cewa shekara ashirin da biyu tana taka dokar da ke kan allo, kuma yarinyar nan ta tambaye ta ido da ido ta kore ta. Kora a ƙarshen aiki, da furfura a kai, ba labarin da uwa ke son kai wa 'ya'yanta ba ne.

Da yamma ta tarar da maigidan a baranda yana ɓare lemo. Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya mayar da ido kan lemonsa, ya ce ya ji labari kwamfuta ta fi ta iya waya yanzu, har ana cewa aikin ya fi kyau da ba ta nan. Ta faɗa tarkon kamar kullum. Kafin ta ankara ta zazzage masa duka: tsatsar, da tsohon injiniyan, da ɗan yatsan da take ƙarawa, har sunan da ta sa wa lanƙwasar. Ya shafa cikinsa, ya ce ashe shekara ashirin da biyu yana yi wa masana'antar nan aiki, ko rigar aiki ba a taɓa ba shi ba.

Ta ce ba wasa take yi ba. Ya ce ya sani. Ya miƙa mata rabin lemon.

"Tsohuwa, tun a mota kin yanke abin da za ki yi. Wanda za ki yi wa faɗa kawai kike nema kafin gobe. To ga ni."

Ta yi masa faɗan, a kan ɓawon lemon da ya zubar a ƙasa.

Washegari ta hau ofis. Matakala ashirin da ɗaya ce, gwiwarta ta san kowacce. Rabonta da hawa tun injiniyan da bai ɗago kai ba. Ta riƙo akwatin lantarki ɗaya, da waya biyu, da kofin ruwa. Ba ta iya bayani ba, don haka ba ta yi ba. Ta ajiye akwatin a kan teburin Injiniya, ta soka gajeriyar wayar a raminsa, ta ce mata ta riƙe ɗaya bakin a sama. Ta tsoma yatsa a kofi ta ɗiga a kan wayar. Ɗigon ya gangaro a hankali ya shige ramin. Ta canza doguwar, ta yi mata tumbi, ta sake ɗigawa. Ɗigon ya gangaro, ya tsaya a lanƙwasar, ya yi nauyi, ya faɗi a kan tebur.

"Wannan ta biyun ita nake sawa tun kafin a sa ki makaranta. Arba'in da bakwai ce, ba arba'in ba. Kin tambaye ni, na yi miki rashin mutunci. Yanzu akwai firiji a waje da irin ta farkon. Ban san nawa ba, ban san ina ba."

Injiniya ta dubi ɗigon da ke kan teburinta. Goggo ta shirya jin faɗa, ta ma tanadi amsa. Sai yarinyar ta jawo mata kujera, ta juya kwamfuta yadda su biyu za su gani. Ta nemo rawayar wayar a cikin taswira ta taɓa ta. Layuka suka fito daga jikinta kamar saƙar gizo: ranar da kwalayen farko suka iso, lambar kowane firijin da aka sa masa, da inda kowanne yake a yau. Casa'in da huɗu ne, har da huɗun da Goggo ta haɗa jiya. Saba'in da takwas suna nan a sito, ƙarƙashin ƙafarsu. Goma suna hanya, ko buɗe su ba a yi ba. Shida ne kawai aka jona, a asibiti uku, wanda ya fi daɗewa kwanansa goma sha tara.

"Tsawon wane lokaci ruwan yake ɗauka, Goggo?"

"Wata biyar. In wurin akwai zafi da danshi, huɗu."

"To muna da lokaci."

Shayin da ke gaban Injiniya ko hucewa bai yi ba. Goggo ta tuna firiji ukun nan na da, yadda aka yi wata biyu ana tonon durowa don a gano 'yan'uwansu da aka haɗa tare, ba a kuma gano duka ba. Sai a lokacin ta zauna a kujerar. Ta ce gwiwa ce.

Aka kira manaja. Ya shigo ya ji, ya fara da allon da ke ƙofa, ya ce doka ba ta san furfura ba. Goggo ta ce masa, Yallaɓai, ta san abin da allon ya ce, ta fi shi daɗewa tana wuce shi. Injiniya ta bari ya sauke, sannan ta ce ita ma da nata laifin. Ta yi tambaya sau ɗaya ta karɓi amsa, ga kwando a gabanta cike da waya, ba ta ɗauki ɗaya ta auna ba. Ta gina taswira a kan abin da takarda ta ce, ba a kan abin da hannu ke yi ba. Ta ce kuma in aka kori Goggo yau, duk wanda ke da irin wannan a hannunsa zai haɗiye shi, taswirar ta zama kyakkyawar ƙarya. Manaja ya yi ta zagaya ofis da hannu a baya. Ƙarshe ya ce za a ba ta takardar gargaɗi, don kada a ce ba a yi komai ba. Goggo ta karɓa ta ninke ta huɗu. Dama ƙafa ɗaya ta kujerarta ta gaza, takardar ta yi mata daidai.

Kwana tara aka yi ana fito da firiji daga sito ana canza waya. Goggo ke yanka, wannan karon da tef a fili, kowa yana gani. Aka tsayar da goman da ke hanya. Aka tura makaniki asibitocin uku. Ya dawo ya ce a biyar akwatin a bushe yake, a na shida ya tarar da ɗan danshi a bakin rami, bai kai ga komai ba. Ba a zubar da kwalbar magani ko ɗaya ba. Da Goggo ta ji, ranar ta cinye abincinta tas, karo na farko tun dawowarta.

A taswira aka gyara awon ya koma arba'in da bakwai, aka ɗaure shi da dalilinsa. Injiniya ta karanta mata abin da ta rubuta, dogon bayani irin na 'yan jami'a. Goggo ta ce ta rage. Ta sa ta rubuta kawai cewa waya tana gumi, ruwa yana bin ta, a ba shi wurin sauka kafin akwati. Wanda zai zo bayan shekara ashirin yana neman rage waya, wannan zai fi shiga kansa.

Da aka ga ba a kore ta ba, sai tsofaffin hannu suka fara hawa matakala ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa wucewa yake yi. Mai walda yana ƙara ɗigo biyu a wata kusurwa da ya san tana tsagewa a kan mummunar hanya. Mai fenti yana barin wani wuri ba fenti, don wata waya ta samu ta kama tsuran ƙarfe. Abu goma sha ɗaya aka tara. Tara aka shigar a taswira. Biyu aka gano ba su da amfanin komai. Ɗaya ma don wanda ya fara shi bahago ne, na bayansa suka gada suna ta wahala shekara da shekaru.

Goggo ba ta zama wata daban ba. A makon da aka gama gyaran, wata sabuwar ma'aikaciya ta tambaye ta don me ake murɗa bakin waya kafin a matse, ta ce mata ko idonta na aro ne. Matar ta sunkuyar da kai. Goggo ta ci gaba da aiki, ta matse waya uku, sannan ta ajiye filaya. Ta buga tebur da tafin hannu har matan goma sha biyu suka ɗago, Rediyo ma ta katse labarin da take bayarwa.

"Ku ji nan. Halina ba zai gyaru a wata goma ba, kada ku sa rai. Amma duk abin da kuka ga hannuna yana yi ba ku san dalili ba, ku tambaya. Ta farko zan yi muku wulaƙanci, wannan ku ɗauka an gama. Ku bari in sauke, ku sake tambaya. Ke ma," ta nuna sabuwar da haɓa, "sake."